Kunne Alƙalin Sauti: Zaɓen Iyafis, Gyaransa da Auna Amonsa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi nazarin wani ɗan ƙaramin abu wanda ya zama ruwan dare a aljihun samari da ma'aikata, watau abin sauraron nan da ake cusawa cikin kunne, wanda jama'a ke kira iyafis. Za a duba yadda ake daidaita shi da waya da kunne, da irin gyare-gyaren da ake yi masa, sa'an nan da hanyar da ta dace a bi kafin a yanke masa hukuncin kyau ko muni. An ɗauki ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na kudu maso yammacin Jihar Katsina, a matsayin fagen misali, domin a can wannan abu ya wuce kayan ƙawa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har da waɗannan uku, wayar hannu ta koma rediyo da ma'ajiyar waƙoƙi da karatu kawai. To, a wayoyi da yawa rediyon FM ba ya kamawa sai an soka iyafis mai igiya, domin igiyar ita ce eriya. Ke nan mutane da dama ta wannan siririyar igiya suka riƙa jin halin da ƙasa ke ciki.

2. Asalinsa da yadda yake aiki

Iyafis iri biyu ne. Akwai wanda yake zama a bakin kunne kurum, iska na shiga ta gefensa. Akwai kuma wanda yake da ɗan hanci mai roba, wanda ake turawa cikin ramin kunne ya toshe shi. Wannan na biyu shi ne abin magana a yau.

Asalinsa daga dandalin makaɗa yake. Can da, a Turai da Amurka, akan jera wa mawaƙa lasifikoki a gabansu don su ji kansu, amma hayaniyar dandali takan rinjayi lasifikar, a yi ta ƙara mata ƙarfi har kunnuwa su lalace. Daga nan aka fara neman hanyar kai wa mawaƙi sautinsa cikin kunne kai tsaye. A 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya ƙera wa Alex Van Halen, makaɗin ganga na wata ƙungiyar kiɗa a Amurka, irin wannan na'ura, kuma daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka karya farashinsa, har ya zamana ana sarinsa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a kai shi Funtuwa da Malumfashi, daga can ya bazu a tebura ranar kasuwa.

Wanda ya san kalangu ba zai sha wuyar fahimtar cikinsa ba. Akwai wani ɗan tantani wanda ya yi daidai da fatar kalangu, a bayansa akwai naɗin waya da maganaɗisu waɗanda suke tsayawa a madadin makaɗi. Wutar da ta fito daga wayar hannu ita ke girgiza tantanin, shi kuma ya girgiza iskar da ke cikin ramin kunne, har ta isa ga dodon kunne. Yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Ƙasan wannan zango shi ne amo mai kauri irin na tambari, samansa shi ne mai kaifi irin na ƙararrawa, a tsakiya kuwa muryar ɗan Adam take.

3. Daidaitawa

Daidaitawa ta farko, kuma mafi muhimmanci, ita ce tsakanin iyafis da kunnen mai shi. Ramin kunne tsawonsa wajen santimita 2.5 ne, amma faɗinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kai, har kunnen dama da na hagu na mutum guda kan sha bamban. Idan robar ba ta toshe ramin sarai ba, amo mai kauri zai zurare ta gefe, sautin ya koma kamar ana buga gwangwani. Sau da yawa saurayi zai mayar wa mai tebur da kaya yana cewa jabu ne, alhali roba ce ta yi masa kaɗan. Abin da ya sa ake sako robobi uku a kwali ke nan, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma wajibi ne a gwada su duka.

Ta biyu ita ce tsakanin iyafis da waya. A jikin kwali akan rubuta lamba biyu. Ɗaya tana nuna turjiyar da na'urar ke yi wa wuta, ana auna ta da om, galibi 16 ko 32. Ɗayar kuma tana nuna saurin amsawarta, watau yawan ƙarar da take bayarwa da wuta kaɗan. Iyafis mai saurin amsawa ƙwarai, in aka haɗa shi da ƙaramar waya mai arha, yakan tona asirinta, sai a riƙa jin wani huci a bayan magana. A nan laifin na waya ne. Har ila yau, bakin da ake sokawa, mai milimita 3.5, an yi masa tsari biyu wajen jeranta layin makirfon. Tsofaffin wayoyin Nokia sun bi ɗaya, wayoyin baya suka bi ɗayan. In aka haɗa tsarin da bai dace ba, muryar mawaƙi takan dushe kamar daga rijiya take fitowa, sai an danne maɓallin igiya ta dawo.

Tun 2016, da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga wayarsa, wasu kamfanoni suka bi sahu, marar igiya mai aiki da Bluetooth ya yawaita. Yana da sauƙin ɗauka, amma mutumin ƙauye a Sabuwa ko Faskari yana da lissafin da mutumin birni ba ya yi. Marar igiya yana bukatar caji, cajin kuwa biya ake yi a shago inda babu lantarki. Batirinsa yana tsufa, ba a cika iya sauya shi ba. Kuma ba ya zama eriyar rediyo. Saboda haka mai igiya, duk da ana ganinsa kamar tsohon yayi, shi ya fi dacewa da wanda labarai ne babbar bukatarsa.

4. Gyare-gyare

Masu gyaran waya da samari masu ƙwazo sukan yi wa iyafis dabaru iri-iri. Ya kamata a rarrabe masu amfani daga marasa amfani.

A bakin hancinsa akwai 'yar raga. Ƙurar hunturu da dattin kunne sukan toshe ta, har ɓangare ɗaya ya yi ƙasa, a zaci ya mutu. Busasshen burushi mai laushi ya isa ya warkar da wannan, muddin an kifa bakin ƙasa yayin gogewa. Allura kuwa huda ragar take yi. Wanda sautin ya yi wa kaifi yana iya sa ɗan guntun soso a cikin hancin, sai kaifin ya ragu. Wasu kuma sukan liƙe ɗan ramin iska da ke jikin na'urar don amo mai kauri ya ƙaru. Yana ƙaruwa ɗin, amma iska ta rasa mafita, sai ta matsa wa tantanin da dodon kunne, tsakiyar sautin kuma ta shaƙe.

Inda igiya ta fi tsinkewa shi ne gindin baki. Mai gyara yakan yanke ya haɗa da dalma, aiki ne na 'yan mintoci. Sai dai in a wajen kunne aka yi haɗin, aka juya wayoyi biyu na ɓangare ɗaya, tantanin dama zai riƙa turawa lokacin da na hagu ke ja. Alamar haka ita ce muryar mai magana ba za ta tsaya a tsakiyar kai ba, sai ta watse. Dangane da igiyoyi masu tsada da ake cewa suna ƙara zaƙin sauti, abin da awo ya tabbatar shi ne, in dai igiya lafiyayya ce, bambancin da take kawowa kaɗan ne ainun idan aka kwatanta da na roba. Gara mutum ya sayi roba da ta dace. Haka kuma wayoyi da yawa suna da ma'aunin daidaita sauti a cikinsu. Ƙa'idarsa ita ce a rage abin da ya yi yawa, maimakon a ɗaga abin da ya yi kaɗan, domin ɗagawa kan sa sauti ya fashe.

5. Auna sauti da kunnen Bahaushe

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun kafin zuwan rediyo yana da kalmomin hukunta amo. Yakan ce murya tana da zaƙi ko garɗi, ko ta shaƙe, ko ta dushe. Yakan ce ganga ta saki ko ta ɗaure. Ya san kauri, ya san kaifi. Makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya da hammata, fata ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, kuma ta haka yake kwaikwayon magana. Mutanen Faskari, maƙwabtan Funtuwa inda Alhaji Mamman Shata ya zauna, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Dalilin da ya sa kalangu ke magana shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne. Kafa da ƙafa, bari da ɓari, ɗan motsi ne na maƙogwaro a farkon kalma. Duk waɗannan alamomi a tsakiyar sauti suke, kuma abin da ke rarrabe baƙaƙe yana zaune ne galibi tsakanin haz 2,000 da 4,000. Ke nan iyafis da aka cika wa amo mai kauri don ya burge mai saye a minti na farko, yana binne ainihin abin da Bahaushe ya zo ji. A shekarun 2010 kamfanin Harman na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, ya yi gwaje-gwaje ya fitar da tsarin sautin da yawancin masu sauraro suka fi so, kuma masana'antu da yawa suna bin sa. Aiki ne mai daraja, amma ba da kalangu ko kotson Narambaɗa ko kuntigin Ɗanmaraya Jos aka yi shi ba. Wannan fage ne da yake jiran ɗaliban sashen Hausa da na kimiyya su haɗa kai.

Akwai tarko guda da ya kamata mai saye ya sani. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, na ɗakin binciken kamfanin Bell, suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasan sauti da samansa sosai in ƙara ta yi ƙasa, amma da an ɗaga ta sai su bayyana. Sakamakon haka, in aka gwada iyafis biyu, wanda ya fi ƙara shi zai yi kama da wanda ya fi kyau, ko da ba haka ba ne. Gwajin adalci yana da sharuɗɗa huɗu: waya ɗaya, abin saurare ɗaya, ƙara daidai wa daida, sa'an nan mai gwaji ya rufe ido aboki ya sa masa, don suna da farashi kada su yi masa alƙalanci. A fara da muryar da aka sani sosai, kamar ta mai karanta labarai ko makarancin Alƙur'ani, a ji ko haruffa suna fita ba tare da an ɗaga ƙara ba. Bayan nan a sa waƙar kalangu, a ji ko amshin 'yan amshi ya rabu da kiɗa. A tuna kuma cewa waƙar da aka tura a memori, wadda aka kwafa daga tsohon kaset aka matse ta, babu iyafis da zai mayar mata da abin da ta rasa.

6. Lafiyar kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. A 2019 ita da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 83 awa 20 ne, a 89 awa 5, a 95 kuwa awa ɗaya da kwata a mako duka. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa tsirowa. Ɓarnar takan fara ne a wajen haz 4,000, watau daidai inda baƙaƙe suke. Mutum yana jin ana magana amma ba ya tantance kalmomi. Tsuwa a kunne bayan an cire iyafis gargaɗi ne.

Iyafis mai toshe kunne yana da fa'ida a nan, domin yana tare hayaniyar waje, mai shi ba ya bukatar ƙure ƙara a kusa da injin niƙa ko janareto. Amma fa'idar nan ita ce kuma haɗarinsa. A garuruwan da aka ga abin da ya faru a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300, kowa ya san cewa haushin kare da rurin babura da kiran maƙwabci labari ne. Wanda ya toshe kunnuwa biyu da dare, ko yana bisa babur a hanya, ya sallami mai gadinsa. A irin wannan hali a sa ɗaya a bar ɗaya, kuma kada a ɗaga ƙara don cike gurbin wanda aka cire.

7. Kammalawa

An ga cewa kyawun iyafis ya dogara ga robar da ta dace da kunne, da wayar da ta dace da shi, da tsabtar ragarsa, fiye da sunan da ke jikin kwali. An ga kuma cewa mai jin Hausa yana da ma'auninsa a cikin harshensa: na'urar da ta fitar da karin sauti da tsawon wasali da baƙaƙe masu lanƙwasa a ƙara mai sauƙi, ita ce ta cancanci kuɗinsa. Ana fata malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na waɗannan ƙananan hukumomi za su isar wa matasa da lissafin desibel da awa, domin iyafis in ya lalace ana sayen wani ranar kasuwa, kunne kuwa ba a sayar da shi a tebur.

Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu.