Hukuncin Ɗan Kwalba da Tsare Nasaba

Ya ku ƴan'uwa masu saurare a Tanut da Tarka da sauran ƙasar Damargu, wani bawan Allah ya aiko da tambaya: shekara goma sha ɗaya da aurensu babu haihuwa, an ce ya tafi Abuja a yi musu ɗan kwalba. Shin ya halatta?

Sai da na tambayi likita yadda aikin yake, domin ba a yanke hukunci kan abin da ba a sani ba. Ana yi wa mace allurai kwana goma ko fiye, har ƙwayayenta su nuna, a zaro su da siririyar allura. A karɓi maniyyin miji a tace shi, a haɗa su cikin ɗan faranti mai ɗumin jikin mutum. In maniyyin ya yi rauni, sai a ɗauki ƙwaya ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan, ana dubawa da madubin likita. Bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifar matar. Sau da yawa ba ya kamawa, sai an sake, ga kuɗi mai yawa. Yarinyar farko da aka samu ta wannan hanya an haife ta a Ingila a 1978.

Kada wani ya ce likita ya yi halitta. Manomin Damargu yana zaɓen irin gero, ya tona rami ya binne, amma tsirowa ba a hannunsa take ba. Haka likita yake.

Shaihu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawa a 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Amman a 1986. Abin da suka tsaya a kai: in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, mahaifar tata ce, igiyar aure na nan, kuma akwai larura, to ya halatta. Da zarar na uku ya shigo, da maniyyinsa ko ƙwanta ko mahaifarta, ya haramta, domin nasaba ta cuɗe, gado da muharramaka sun rikice.

Na san abin da wasunku za su ce: to kishiya fa, ai miji ɗaya ne? Malaman Rabiɗa a Makka sun taɓa yarda da haka a 1984, suka janye a 1985. Kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a lokacin, a rasa gane wace ce uwar wane. Allah Ya saka musu, da ba su ji kunyar komawa ba.

Kai kuma mai tambaya, ka fara kai kanka a auna ka. Mun sha ganin an saki mace ana ce mata juya, ta yi wani aure ta haihu. Ka zaɓi wuri amintacce da ba za a musanya muku ba. Kuma fitar da maniyyi da gangan da rana yana ɓata azumi, don haka ku bari sai bayan Salla. Wallahu a'alamu.