Jawabin Ƙaddamar da Ɗakin Karatu na Intanet a Madarunfa





Mun gode wa Allah da ya tara mu a wannan gari na tafki da kushewun waliyyai 99, domin buɗe ɗakin karatun da kowa zai shiga ta wayar salularsa. Abin da ya fi cin ƙarfin masu aikin nan shi ne jera littattafan fanni fanni, kuma a kansa nake son jawo hankalinku.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Malaminmu na zaure ba ya haɗa Ahalari da Risala wuri guda da littattafan nahawu. Fiƙihu daban, tauhidi daban. A Bagadaza, wajen shekarar 987, Ibnun Nadim ya rubuta Fihirisa, ya kasa littattafan zamaninsa kashi goma. A 1876 kuma Melvil Dewey na Amurka ya fito da tsarin lambobi, shi ma kashi goma, wanda muka bi a nan: addini 200, harsuna 400, kiwon lafiya 610, noma 630, tarihi da labarin ƙasa 900.

Jama'a, mai neman sani sau da yawa bai san sunan littafi ba, bai san marubuci ba, buƙatarsa kaɗai ya sani. Manomin Jiratawa da tsutsa ta sauka wa zogalensa zai taɓa noma, ya shiga noman rani, ya shiga ƙwarin amfanin gona, sai littattafan su jeru a gabansa, na Hausa da na Faransanci. Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke bincike kan dajin Baban Rafi za ta tarar da abin da aka rubuta kan itatuwa da gandun daji wuri ɗaya, har da wanda ba ta san an rubuta ba. Littafin da aka sa a fannin da ba nasa ba kuwa, ya ɓace ke nan ko da yana ciki.

Saboda haka muna roƙon malamai, in kun ga littafi ya sauka gidan da ba nasa ba, ku sanar da mu a gyara. Masu tsofaffin takardun ajami a Gabi, Safo, Ɗan Isa da Sarkin Yamma, ku yarje mana mu ɗauki hotonsu, mu mayar muku da kayanku. Iyaye, ku bar ƴaƴa mata su amfana kamar maza.

Da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan ɗakin karatu. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya zaunar da Nijar lafiya, ya maida kowa gida lafiya.