Aikin Mai Auna Damtsen Yara a Unguwa

Da yawa daga cikinku kan tambaye mu a aji: "Malam, in na iya karatu, wane aiki zan yi da shi?" To, yau ga amsa ɗaya. Za mu yi magana a kan matakin farko na aikin yaƙi da tamowa, wato aikin mutumin unguwa mai taimaka wa ma'aikatan lafiya wajen kula da abincin uwa da ɗanta. A likita da sunan faransanci ake kiransa, rele.

Mu fara da ita tamowar. Ciwo ne da ke kama yaro in abincin da yake ci bai ishe shi ba, ko bai ƙunshi abin gina jiki ba, ko kuma zawo da zazzaɓi sun tsotse shi. Ta fi yawa daga ƙarshen bazara zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro kuma ya yi yawa. Kada ku ce ciwon ƙauye ne. A nan Yamai ma, daga Bukoki zuwa Talaje har Harobanda a ƙetaren kogi, akwai gidajen da tukunya ba ta hawa wuta sau uku a yini.

Manyanmu na tune da shekarar 2005, lokacin da fari da fara suka ci amfanin gonar da ta gabata. A shekarar nan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu, yawancinsu a jahar Maraɗi. Abin da ya sa aka iya wannan shi ne wani abinci na gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Ba a dafa shi, ba a dama shi, saboda haka uwa na iya ba ɗanta a gida. A 2006 kuma gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma magani na likita, yaro kuma na gida. Dole a samu wanda zai gano shi tun da wuri ya kai shi. Nan aikinku yake.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan zare mai launi uku, littafi da alƙalami. Zaren na auna damtsen yaro ne daga wata 6 zuwa wata 59. Ka kama hannun hagu, ka nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ka bar hannun ya saki, sannan ka naɗa zaren. Kada ka matse, kada ka sassauta. In ya nuna kore, wato sama da santimita 12 da rabi, sai godiya. In ya nuna rawaya, tsakanin 11 da rabi da 12 da rabi, tamowa ta fara shiga. In ya nuna ja, ƙasa da 11 da rabi, yaron na cikin haɗari, a kai shi likita ranar nan, kada a jira gobe.

Bayan zare sai ka duba ƙafafu. Danna babban yatsa a bayan ƙafafun biyu, ka ƙidaya har uku, ka ɗaga. In gurbin yatsa ya tsaya, kumburin tamowa ne, ko da zare ya nuna kore. Iyaye da yawa kan ɗauka yaron ƙiba ya yi. Aikinka ne ka fahimtar da su a hankali.

A likita ma'aikaci ne zai yanke shawara. Yaron da ke iya cin abinci, ba shi da wani ciwo mai nauyi, sai a sa shi a sashen CRENAS: a ba uwar buhunan maganin, ta koma gida, ta dawo kowane mako a auna. Wanda ya ƙi ci, ko ya galabaita, sai a kwantar da shi a CRENI. Kai kuma sai ka bi su gida. Ka tuna wa uwa cewa buhun nan magani ne, lissafinsa da nauyin yaron aka yi. In aka raba wa yayyensa, ko aka kai kasuwa, an rage masa kwana. A ba shi ruwa mai tsabta tare da shi, a ci gaba da ba shi nono.

Rabin aikin magana ce da mata, domin rigakafi ya fi magani. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini. Jariri ya sha nonon farko, kada a zubar da shi. Wata 6 nono zalla, ko ruwa ban da shi, komai zafin Yamai, domin ruwan da yake bukata na cikin nonon. Daga wata 6 sai a ƙara kunu mai kauri na gero da garin wake ko ƙuli-ƙuli, da ɗan mai da ganyen zogale. Abin da ke kasuwar unguwa ya isa. Ka kuma nemi bakin mai gida da na uwar miji, don sau da yawa su ke yanke ko za a je likita.

To, ina karatu ya shigo? Ga shi. Lamba ce a jikin zaren. Sunan yaro, da watanninsa, da sunan gidansu, da ranar komawa awo, duk sai an rubuta. Wanda ya rubuta 11 a wurin 14 ya ta da hankalin gida a banza. Wanda ya rubuta 14 a wurin 11 ya bar yaro cikin halaka. Kun ga ke nan lissafin da muke yi a kan allo ba wasa ba ne.

Gaskiya ɗaya zan faɗa muku tun yanzu. Aikin nan na sa-kai ne. Akan samu ɗan abin ihisani, amma ba albashin da zai riƙe gida ba ne. Akwai yawo cikin rana, akwai ƙofar da za a rufe maka. Jama'ar unguwa ne ke zaɓen mutum tare da mai unguwa da shugaban likita, sannan a ba shi horo na ƴan kwanaki. Matasa masu takardar brebe kuwa, waɗanda ke son su mai da shi sana'a, ga makarantar koyon aikin lafiya ta Damure Zika a nan Yamai, akwai irinta kuma a Damagaram.

Wanda bai samu shiga ba, kada ya ce ba ruwansa. A Mirriya an gwada koya wa uwaye su riƙa auna ƴaƴansu da kansu, aka tarar sun iya sarai, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Saboda haka ke ɗaliba, in kin je awo, ki roƙi a nuna miki yadda ake riƙe zaren, ki nuna wa maƙwabciyarki.

A darasin wannan mako, kowane malami ya sa ɗalibansa su rubuta lambobi daga 10 zuwa 15, su karanta su da rabi-rabinsu. Mu kwana nan. Allah ya raya mana zuriya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.