Wa Ya Biya Kuɗin Karatun? Jami'ar Lincoln da Ɗalibanta



An nemi in yi magana a kan ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata a Amurka, da yadda ɗalibanta ke samun tallafin karatu. Irin waɗannan makarantu sun kai ɗari. Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta 1965 ce ta shata musu iyaka, ta ce su ne waɗanda aka kafa kafin 1964 da nufin ilimantar da baƙar fata. Na ɗauki Jami'ar Lincoln ta jihar Fensilbaniya saboda ita ce ta farko a cikinsu da aka kafa da izinin ba da digiri, kuma a can ne shugaban Nijeriya na farko da na Gana na farko suka yi karatu. Tambaya ɗaya zan riƙe har ƙarshe: wa ya biya kuɗin, kuma me yake nema da ya biya?

Sai mun fara sanin wurin. Makarantar tana cikin karkara kusa da garin Oxford, 'yar tafiya kaɗan daga iyakar jihar Maryland. A wancan zamani wannan iyaka ita ce ta raba inda ake bauta da inda aka hana ta. Amma hanin bai zama kariya ba, musamman bayan dokar 1850 da ta ba masu farautar bayi damar tsallakowa su kama wanda suka ce gudowa ya yi. A 1851 aka sace wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya a wannan yanki, Elizabeth da Rachel Parker, 'ya'ya ne ba bayi ba, aka kai su Baltimore domin a sayar. Cikin waɗanda suka tsaya har aka ƙwato su akwai wani limamin coci Bature mai suna John Miller Dickey.

Wannan Dickey ne wani saurayi baƙar fata, James Ralston Amos, ya je wa yana neman karatu. Dickey ya nema masa gurbi a makarantun horar da malaman coci, aka ƙi shi saboda launin fatarsa. Sai ya riƙa koyar da shi da kansa, Amos yana takowa a ƙasa daga nesa yana ɗaukar darasi ya koma. Daga nan Dickey da matarsa Sarah Emlen Cresson suka ƙudura gina makaranta, kuma a ranar 29 ga Afrilu 1854 jihar ta ba su takardar izini.

To, ku lura da sunan da suka sa mata: Cibiyar Ashmun. Jehudi Ashmun wakili ne na ƙungiyar Turawan Amurka da ke kwashe 'yantattun baƙar fata tana kai su Laberiya. Da yawa daga cikin masu ba da kuɗi a lokacin suna son baƙar fata ya yi ilimi, amma suna son ya kai ilimin can wata nahiya, kada ya zauna yana gogayya da su a gida. Baƙaƙen Filadalfiya kuwa tun 1817 suka taru a coci suka ce ba inda za su, nan aka haife su. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Dickey, mutumin da ya zuba dukiyarsa a makarantar. Sai dai kuɗin farko sun zo da alƙiblarsu, kuma an bi ta. Ɗalibai uku na farko da suka kammala a 1859, wato James Amos da ɗan'uwansa Thomas da Armistead Miller, duka Laberiya aka tura su aikin mishan.

Yaƙin basasa ya rushe wannan lissafi. An 'yanta bayi kusan miliyan 4, an kashe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, a 1866 aka sauya wa makarantar suna zuwa nasa. Daga nan ta koma ga yi wa Amurka kanta likitoci da lauyoyi da malamai. Jami'ar takan yi alfahari cewa a shekaru ɗari na farkonta, kusan ɗaya cikin kowane likita baƙar fata biyar a ƙasar ta hannunta ya biyo. Amma ragama ta ci gaba da zama a hannun masu bayarwa. Shekaru kusan tamanin ɗalibai baƙaƙe ne, farfesoshi kuwa duk Turawa. A 1929 wani ɗalibi, Langston Hughes, wanda daga baya ya zama babban mawaƙi, ya yi bincike a cikin manyan ɗalibai, sai ya tarar kusan kashi biyu cikin uku sun fi son a bar malamai Turawa zalla. Har Thurgood Marshall, wanda zai zo ya jagoranci shari'ar 1954 da ta haramta wariya a makarantun gwamnati, da farko yana cikin masu wannan ra'ayi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro a tarihin makarantar. Idan mutum ya daɗe yana karɓa daga hannu guda, yakan fara ganin hannun nan ne kaɗai ya iya riƙe alli. Shi kansa Hughes wata attajira ce, Amy Spingarn, ta taimaka masa da kuɗin makaranta.

Yanzu mu zo kan namu. Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa kafin a kai shi Onica. A 1925 mahaifinsa, wanda akawu ne a aikin gwamnati, ya damƙa masa fam 300 da ya tara, ya hau jirgin ruwa. Ya fara da Kwalejin Storer, ya wuce Jami'ar Howard a Washinton, can kuɗi suka yanke. Ya yi wanke-wanke, ya yi leburanci, har ramin haƙar kwal ya shiga. Lincoln ce ta karɓe shi a wannan hali. Ya sami digiri a 1930, ya zauna yana ƙarin karatu yana koyarwa, har ya dawo Afirka a 1934 ya kama aikin jarida a Akara.

A can ne wani malamin makaranta mai suna Kwame Nkrumah ya saurare shi, ya ƙudura shi ma sai Lincoln. Ya isa a 1935, kuɗin da ke hannunsa ba su isa na zangon karatu guda ba. Aka yi masa rajista duk da haka, daga baya ya ci tallafin da ya ɗauke masa kuɗin makaranta. Amma tallafin bai haɗa da ci da sutura da wurin kwana lokacin hutu ba. Don haka mutumin da zai karɓi 'yancin Gana a 1957 ya sayar da kifi a titunan unguwar Harlem, ya yi aiki a masana'antar sabulu yana tura kitsen dabbobi mai wari a baro, ya yi hidimar abinci a jirgin ruwa. Ya gama digiri na farko a 1939, na tauhidin Kirista a 1942. A 1951 ya koma a matsayin jagoran gwamnatin ƙasarsa, jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Azikiwe kuma ya buɗe hanya, wasu matasa irin su K. O. Mbadiwe da Mbonu Ojike suka bi sawunsa.

Ku duba yadda abin ya juya. An tara kuɗi domin a aika baƙaƙen Amurka su yi wa Afirka wa'azi, sai ga Afirka ta aiko 'ya'yanta sun koma sun kori mulkin mallaka. Ba wanda ya sa hannu a aljihu a 1854 da wannan niyya. Kuma ku lura, ba wata gagarumar kyauta ce ta ceci mutanen nan biyu ba. Wani jami'i ne ya kalli yaron da kuɗinsa bai cika ba ya ce shiga, za a san yadda za a yi.

Sai a 1945 jami'ar ta sami shugaba baƙar fata na farko, Horace Mann Bond, tsohon ɗalibinta. A zamaninsa Albert Einstein ya zo a 1946 ya yi wa ɗalibai darasi, ya kuma soki wariyar launin fata a fili. A 1953 aka gyara dokar jami'ar domin mata su riƙa karɓar digiri, kuma a wannan shekara Bond na cikin waɗanda suka kafa wata cibiya da ta yi shekaru tana nema wa ɗaliban Afirka tallafin karatu a Amurka. A 1972 Lincoln ta ƙulla alaƙa da gwamnatin jiha ta fara samun kaso daga baitulmali.

Tun kafin zuwan Bond aka fara gane cewa yawon roƙo makaranta-makaranta ba ya kaiwa. Frederick Patterson, shugaban makarantar Tuskegee, ya kira takwarorinsa su yi taron dangi, a 1944 makarantu 27 suka kafa asusu guda da aka fi sani da UNCF, kuma a karon farko suka tara dala 765,000. Wannan na makarantu masu zaman kansu ne. Na gwamnati sai a 1987 suka sami nasu, aka sa masa sunan Thurgood Marshall.

To yau ɗalibin Lincoln da me yake biya? Yawanci haɗe-haɗe ne. Akwai tallafin gwamnatin tarayya ga 'ya'yan talakawa, wanda aka fara a 1972, aka kuma sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Kyauta ne ba bashi ba, kuma a 2023 mafi yawan abin da ɗalibi zai samu a shekara dala 7,395 ne. Galibin ɗaliban jami'o'in baƙar fata suna karɓar sa, wanda ya nuna muku daga irin gidajen da suka fito. Akwai na jiha, akwai na jami'a ga masu ƙoƙari, akwai ɗan aikin da ake ba ɗalibi a ɗakin karatu ko ofis. Idan aka haɗa duka sai a ga saura, sauran nan kuwa bashi ne, na ɗalibi ko na iyayensa. A 2011 gwamnati ta tsaurara sharuɗɗan bashin iyaye, ba a daɗe ba dubban ɗalibai a waɗannan jami'o'i suka kasa komawa aji. Ba faɗuwa suka yi a jarrabawa ba. Ragowar kuɗi ce ta hana su rajista, alhali bashin shekarun baya yana nan a wuyansu, ba digirin da za su nemi aikin biyansa. Mu da muka ƙaddamar da sabon shirin ba ɗalibai rance a Nijeriya a 2024, ya kamata masu tsara shi su karanta wannan babi da idon basira.

Asalin giɓin yana ga asusun ajiya, wanda a wurinmu waƙafi ne ya fi kusa da shi. Ana juya uwar kuɗin, ba a taɓa ta, sai a ci kashi 4 ko 5 cikin ɗari a shekara. Na Jami'ar Harvard ya haura dala biliyan 50. Na Howard, wadda ke sahun gaba a jami'o'in baƙar fata, ya ɗan haura biliyan 1. Dalili a fili yake: tsofaffin ɗalibai ne ke cika irin wannan asusu, su kuwa waɗannan jikokin mutanen da aka hana mallakar fili da gida ne tsawon zamani. Shi ya sa lokacin da attajiri Robert Smith ya tashi a bikin yaye ɗalibai na Kwalejin Morehouse a 2019 ya ce ya ɗauke bashin ajin baki ɗaya, kusan mutum 400, na taya su murna, amma hankalina ya tafi ga ajin bara da na baɗi.

A Disamba 2020 wata attajira, MacKenzie Scott, ta ba Lincoln dala miliyan 20, kyauta mafi girma daga mutum guda a tarihinta zuwa lokacin. Mu yi lissafi. Da a ce an zuba su duka a asusun ajiya, abin da za a riƙa ci a shekara tsakanin dala dubu 800 ne da miliyan 1. Idan za a ɗauke wa ɗalibi nauyinsa kacokan, 'yan kaɗan za su samu. Idan kuwa ragowar dala dubu ɗaya ko biyu da ke hana rajista za a riƙa cikewa, ɗaruruwa ne za su kammala. Ni da za a tambaye ni, na biyun zan zaɓa, ko da yake ba shi ne ke jawo masu ɗaukar hoto ba. Abin da ya bambanta wannan kyauta da na zamanin Ashmun shi ne ba ta zo da sharaɗi ba. Mai bayarwa ba ta ce a karanta kaza ko a tafi ƙasa kaza ba. Ta bar shawara ga hukumar jami'ar, a ƙarƙashin Brenda Allen, wadda ta kama shugabanci a 2017, kuma ita ma a nan ta yi digirinta a 1981.