Sunan MacLeod a Kan Mayo Kebbi

Wata magangarar ruwa a kan kogin Mayo Kebbi da ke ratsa yankinmu na Bibémi kafin ya zuba cikin Binuwai ta taɓa ɗaukar sunan wata zuriya ta Sikotlan, wato MacLeod. A 1910 Olive MacLeod ta biyo ta Garwa, za ta ziyarci kabarin wanda zai aure ta, Boyd Alexander, da aka kashe a ƙasar Wadai. Da ayarinsu ya isa wannan magangarar ruwa, cikin Chadi ta yau, Faransawa suka raɗa mata sunan baƙuwar. Daga baya Olive ta auri Charles Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamnan Arewacin Najeriya.

Sunan MacLeod ya yi yawo ƙwarai. Akwai garin Fort Macleod a Kanada, da McLeod Ganj a Indiya inda Dalai Lama ke zaune. Mahaifiyar Donald Trump ma 'yar MacLeod ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, al'ummar Mundang sun daɗe suna zaune a bakin Mayo Kebbi, suna noma suna kamun kifi, amma taswira ba ta tuna da su ba. Yau ma sunan wani Bafaranshe, Gauthiot, aka fi rubutawa a kan magangarar Mayo Kebbi.