Ƙatuwar Taya da Lodin Kaka

Gaisuwa ga alhazai masu motoci, da direbobi, da yaran mota da ke kwance ƙarƙashin akori-kura suna jin mu ta wayar salula, daga nan Sarkin Yamma har Safo, Gabi, Jiratawa, Madarunfa da Ɗan Isa. Yau a kan taya za mu yi magana.

Abin da ya kawo zancen, wani yayi ne da ya shigo mana. Mutum ya sayi Hilux ɗinsa ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, kafin ya gama biyan kuɗin takardu ya kai ta gareji a Maraɗi, a ƙara mata sifirin, a ɗaga ta, sannan a nemo mata ƙattin tayoyi masu manyan haƙora. In ta shigo tasha kowa sai ya waiwaya. To, ban ce kada a yi ba. Na san hanyoyinmu. Na san yashin da ke tsakanin ƙauyukanmu, na san yadda Gulbin Maraɗi yake mayar da fadama in Agusta ta yi, na kuma san ba wanda ke son mota ta kafe masa a daji da magariba a wannan zamani. Abu ɗaya ne ke damuna, kuma za ku ji ina ta nanata shi har ku gaji: kallon kitse ake yi wa rogo. Taya tana iya zama ƙatuwa, haƙoranta kamar za su ciji mutum, amma ba a yi ta don ɗaukar lodi ba.

Bari mu fara da abin da kuke samu, don a yi adalci. Ɗaga mota da sifirin jikinta kawai yake ɗagawa. Wannan ƙullin aksul na baya, wanda shi ne ke fara dafe yashi, yana nan inda yake, ko da kun ƙara sifirin goma. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tayar da tsofaffin Hilux da yawa suka zo da ita, 205 R16, tsawonta wajen santimita 73 ne. Wadda samari ke so, 265/75 R16, santimita 80. Bambanci 7 ke nan, amma rabi ne ke ƙarƙashin aksul, saboda haka abin da ka ƙaru da shi santimita 3 da rabi ne, faɗin yatsa biyu. Yana da amfani a cikin sawun da manyan motoci suka haƙa, ban musa ba. Sai dai ka san abin da ka saya ke nan.

Yanzu ka tashi ka je gindin motarka, ko ka aiki yaro da tocila. Bayan lambobin girma akwai wata lamba, sannan harafi. Harafin na gudu ne, bar shi, ba mu da hanyar da za a kai wannan gudun. Lambar nake so. Ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. In ka ga 112, kilo 1,120 ke nan. In 116 ce, kilo 1,250. In 121, kilo 1,450. In 123, kilo 1,550. To ga inda ake cutar mutane: wannan 265/75 R16 ɗin ba iri ɗaya ba ce a kasuwa. Akwai mai 116, wadda aka yi wa motar maigida da iyalinsa da akwatuna biyu. Akwai kuma mai LT a gaban lambobin, 123/120, wadda aka yi don aiki. Ka ajiye su gefe da gefe, girmansu ɗaya, wani lokaci ma zanen haƙoransu ɗaya. Amma tsakaninsu kilo 300 ne a kowace taya, kilo 600 a tayoyin baya biyu. Buhun gero shida ke nan, Alhaji. Kuma mai 116 gefenta bai kai na ɗayar kauri ba, kututturen gona ko ƙayar aduwa ba sa shan wahalar huda ta. In ka ga lambobi biyu kamar 123/120, ta farko ce taka, ta biyun ta motoci masu tagwayen taya ce. Wasu kuma C ake rubuta musu a ƙarshen girman, kamar 205 R16 C, su ma na aiki ne.

Mai shago ba zai gaya maka wannan ba. Ba lallai mugunta ba ce, wani shi ma bai taɓa dubawa ba. Zai buga ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji wannan ai ƙarfe ce." Kai kuma ka ji daɗi ka ƙirga kuɗi.

Kada kuma wani ya ji na ce 1,550 ya ce to shi ke nan, an ba shi izinin buhu talatin. A'a. Wannan nauyin sai taya tana da cikakkiyar iskar da aka rubuta a gefenta take ɗaukarsa. Sannan ita kanta motar, Hilux, abin da aka ƙera ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, har da direba da fasinja. Ni da ku mun san abin da ake ɗora mata ranar Litinin da Juma'a in za a ci kasuwar Maraɗi, ko Lahadi in an nufi Jibiya: buhunan gero da wake da aya har sun wuce kan direba, awaki a gefe, mutane a sama sun zuro ƙafafu. Ban isa in hana ba, talauci ne da ƙarancin mota. Amma wanda ya ɗaga motarsa ya sani cewa duk wannan lodin shi ma ya ɗaga shi. Kwanar da da kake sha ba ka ko rage wuta, yanzu motar za ta karkata ta nemi kwanciya. In tayar baya ta fashe a wannan hali, ba a cika samun damar gyara sitiyari ba.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A watan Agusta na 2000, a Amurka, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, galibinsu a kan wata doguwar mota, Ford Explorer. Bayan tayar ne ke saɓulewa ana cikin gudu, motar kuma da yake tana da tsawo sai ta wuntsila. Mutane fiye da 200 suka mutu. Abin ya fi yawa a jihohinsu masu zafi, kuma tun 1999 an riga an fara canza irin tayoyin a Saudiyya. Zafi, ƙarancin iska, doguwar mota. Ku gaya mini wanne ne babu a hanyar Ɗan Isa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce 40.

Sai tayoyin Kwatano, wato na hannu. Na sani, sabuwa ta yi tsada, kuma guda biyar ake bukata. Amma araha ba ta ado. In dole sai ta hannu za ka saya, nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya ta. Masu ƙera taya da kansu sun ce wadda ta shekara 10 a cire ta ko da haƙoranta na nan, wasu masu ƙera mota ma 6 suka ce. Roba tana tsufa ko a ɗaki aka kulle ta. Ka lanƙwasa gefenta a rana, in ka ga ƙananan tsaga kamar faso, mayar wa mai sayarwa da abinsa. In ka ga an kankare lambobin nan, kada ma ka tsaya ciniki. Akwai kuma waɗanda aka yi don ƙanƙarar Turai, robarsu laushi gare ta, kwaltarmu tana cinye su kafin damina ta zagayo. Da waɗanda aka sake yanka wa haƙora da wuƙa mai zafi. Wanda ke wannan sana'a ya ji tsoron Allah, rayukan mutane ne.

Wani ya aiko yana tambaya, mai manyan haƙora ko mai matsakaita? Ga ra'ayina. Mai manyan haƙora, wato MT, ta taɓo ce. Wata nawa muke taɓo a shekara? Uku, in damina ta yi kyau. Sauran tara yashi ne da burji da kwalta. A cikin yashi manyan haƙora haƙa suke yi, in ka taka wuta sai su binne ka har aksul. A kan kwalta kuma ga kuka, ga saurin cinyewa, in an yi yayyafi birki ba ya kama su sosai. Mai matsakaita, wato AT, ita ce tamu. Kuma masu Land Cruiser, wannan siririyar doguwar taya taku ta asali, 7.50 R16, kada samari su sa ku raina ta. Tsawonta ya kai na 265/75 ɗin da ake rububi, kuma duk mai facin da ke bakin hanya daga Maraɗi zuwa Katsina ya san ta.

Af, akwai rigimar da nake so in raba tsakanin alhazai da direbobinsu. Ka sa ƙatuwar taya, bayan wata ɗaya ka ga gazuwal yana ƙarewa da wuri, ka fara zargin yaro yana sayarwa. Tsaya tukuna. Taya ta ƙara nauyi, ta ƙara faɗi, injin yana wahalar juya ta, direba yana daɗewa a giya ta biyu inda da ta uku ke wucewa. Dole ta sha mai. Sannan agogon motar ya daina faɗin gaskiya, don shi juyin taya yake ƙirgawa. Daga 73 zuwa 80, kusan kashi 10 cikin 100 ne. In allura ta nuna 80, kana kusa da 88. In ya ce kun yi kilomita 100, kun yi kusan 110. Ka ga ko lissafin man da kake yi da agogo ya karkace, haka ma lokacin juyen baƙin mai. Kai kuma direba, ka ji, 80 ɗinka ba 80 ba ce, kuma birkinka na da ne, ƙaramar taya aka auna shi da ita. Tazarar da kake bari tsakaninka da amalanken shanu, ƙara ta.

Game da birki, tsofaffin Hilux suna da wani ɗan ƙarfe da ya taso daga aksul na baya zuwa jikin mota, shi ke gaya wa birki ko akwai lodi ko babu. In an ɗaga mota ba a daidaita shi ba, sai ya ɗauka kullum wayam take, ya rage ƙarfin birkin baya. Ka ce wa bakanikenka ya duba shi. In ya ce bai san da shi ba, canza gareji.

Rim ma haka. Na asalin 205 faɗinsa inci 6 ne, ita kuwa 265/75 tana son inci 7 zuwa 8. In aka matsa ta a kan siriri sai ta yi tozo, tsakiya ya cinye, gefe na nan. Masu sa wani faifan ƙarfe don turo taya waje kuma, boris da kusoshi ne za su biya. Kafin ka biya kuɗi, a ɗaura ta gaba ɗaya, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau ɗan tudu, a saurara ko tana gugar jiki. In za ka iya, gwada da lodi. Kuma huɗun su zama girma ɗaya, da safaya ta biyar. Na ga motoci da ƙattai huɗu a ƙasa da 'yar ƙaramar safaya ta da. Ranar da ka sa ta ka shiga giyar ƙafa huɗu, ƙarfen cikin ne zai ji a jikinsa. Jak ɗinka ma na da bai kai ba yanzu, nemi dogo da katako mai kauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura iska. Kowane direban ƙauye ya san a rage iska in za a shiga yashi, wannan ba sai na koya muku ba, kun fi ni. Inda nake faɗa da ku shi ne fitowa. Ka hau kwalta da taya a sace, da lodi, da rana tsaka, ka ce bari in kai Maraɗi a ƙara. Gefen taya yana ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi, zaren ciki yana rabuwa da roba, kai ba ka gani. Ba lallai ta fashe ranar ba. Sai bayan sati biyu ka ce wai haka kawai ta tashi. Sayi famfo da ma'aunin iska ka ajiye bayan kujera. Dukan taya da ƙarfe ana sauraron amo ba awo ba ne. A auna da safe kafin mota ta motsa, kuma in ta yi zafi a hanya ka ga iskar ta hau, kada ka sace ta, in ta huce za ta koma daidai.

Lokaci ya ƙure mana. Alhaji, in za ka aiki direba sayen taya a wannan kaka, kada ka ce masa "samo mini manya." Rubuta masa a takarda: LT ko C, lambar nauyi kada ta gaza ta tayar asali, shekarar ƙira kada ta yi nisa, guda biyar iri ɗaya. Ku kuma fasinjoji, in kun ga an ɗaga mota an kuma yi mata lodi har sama, kuna da ikon ku ce za ku jira ta baya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.