Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa mazauna Sabo, barkanmu da wannan taro.

Maganarmu ta yau a kan nas-nas da ungozomomi take, da kuma matsayinsu wajen tsara manufofin kiwon lafiya na ƙasa. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu mana, domin abin da aka sa wa hannu a Abuja, shi matanmu ke tararwa a ɗakin haihuwa.

A shekarar 1988, zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, Nijeriya ta fitar da manufar lafiya ta ƙasa ta farko, wadda ta ɗora komai a kan ƙananan asibitocin da ke kusa da talaka. To, wa ke kwana a waɗannan asibitoci? Daga cikinsu akwai nas da ungozoma. Amma in an zo zaman tsara doka, kujerunsu kaɗan ne.

Ga misali. A 2009 gwamnati ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, aka raba biyan alawus ɗinsu tsakanin tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. Shirin ya taimaka, amma wurare da dama ba su biya nasu kason ba, masauki ma ya gagara, har wasu suka tattara nasu ya nasu suka bar aikin. Wanda ya taɓa karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, ai tun a takarda zai hango wannan cikas. Shi ya sa ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, wato NANNM, take neman a riƙa damawa da ita tun daga farko.

Mu ma muna da namu yoyon. Matanmu da yawa ba sa jin Turanci ko yaren gari, sukan kuma ji nauyin namiji ya duba su. Wa zai kai wannan kuka sama in ba 'yarmu da ke cikin aikin ba?

Don haka roƙonmu biyu ne. Na ɗaya, mu bar 'ya'yanmu mata su shiga makarantun jinya da ungozomanci, ƙungiya ta tallafa da kuɗin makaranta. Na biyu, mu nemi wakilci a kwamitin lafiya na mazaɓarmu, mu tura mace mai ilimin aikin, ba don zumunci ko siyasa ba.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuri'a.